Tayoyin da Baba Bai Gani Ba

Brandon, Manitoba
14 ga Oktoba

Yaya Rashida,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da Yaya Ismail da yara. Yaya ƙarfin jikin Baba? Na ji daɗi da kika ce yana nisa kwanan nan. Tattakin safe ai shi ne maganinsa tun da ya yi ritaya, a dai riƙa tuna masa da sandarsa. Ni ma lafiya lau, sai mura da ta kama ni ta sake ni.

Kin ce in daina kiranki ina tsaye a bakin aiki, in zauna in rubuto kamar ɗan gidan ma'aikaci. To ga shi na zauna.

Labarin dai na sayi a-kori-kura ta hannu. Gonar da nake wa aiki ta ba ni jigilar 'yan maruƙa zuwa ɗaya gonar tasu da ke can arewa, a cikin wani keji mai ƙafafu da ake ɗaurawa a bayan mota. Sai dai sanyi ya ƙarato, tayoyin da ke jikin motar kuma na rani ne. Ranar Asabar na je shagon taya da niyyar in nuna in biya in tafi, sai ga ni na yini. Dattijuwar da ke shagon ta jera mini kala uku. Akwai masu manyan haƙora irin na motocin daji, su idona ya fara so, amma ta ce na taɓo ne, in sanyi ya yi tsanani robarsu sandarewa take yi kamar katako. Akwai waɗanda ba a cirewa rani da sanyi. Sai kuma na sanyi zalla, masu laushin roba da ƙananan tsage-tsage a kan kowane haƙori, an buga musu tambarin dutse da ɗigon ƙanƙara a gefe. A cikinsu har da masu ƙusoshi. Matsalar ita ce ba duk masu laushin ke ɗaukar nauyi ba, ni kuma ja zan yi, dole sai masu kaurin gefe. Na dawo gida kaina na juyawa, ban sayi ko ɗaya ba.

Maganar zuwana a Disamba, Yaya, ba za ta yiwu ba. Takardun zamana har yanzu suna hannun hukuma. Lauya ya ce in na fita kafin su fito aikin ya tafi, komowar ma babu tabbas. Ki faɗa wa Baba ta yadda kika san zai ɗauka.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Sharhabil

Doka, Kaduna
17 ga Oktoba

Sharhabil,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, in dai ta jiki ce. Allah Ya ƙara sauƙin murar.

Da na ce Baba yana nisa, ba tattaki nake nufi ba. Na zaci za ka gane. Tunda ba ka gane ba, bari in faɗa maka ba kwana-kwana. Baba bai san ni ba. Tun bayan Babbar Sallah yake kirana da sunan Mama, yana tambayata me ya hana ni kai yara makaranta, ita da ta daɗe a ƙasa. Likita ya ce mantuwar tsufa ce, ba ta warkewa, sai dai lallaɓawa.

Makon jiya ya sa babbar riga ya ɗauki jakarsa ya fice, wai ya makara ofis. Muka yini muna nema. Maƙwabcinmu Baba Ezekiel, wanda suka yi aiki tare a Ma'aikatar Ayyuka, shi ya tsinto shi a Kawo, yana tsaye a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya. Tun ranar na baro gidana a Katabu na tare a nan. Ismail ke fama da yara. Ni kuma daga ofis sai wanki da canjin zanin gado.

A cikin wannan hali na buɗe saƙonka na tarar da shafi guda a kan roba, sai layi uku a ƙarshe da ke cewa ba za ka zo ba. Ka ce in faɗa wa Baba ta yadda zai ɗauka. Ba sai na wahala ba, bai tuna an yi masa alkawari ba. Ni ce na tuna.

Allah Ya ba ka tayoyi masu albarka.

Rashida

Doka, Kaduna
21 ga Oktoba

Sharhabil,

Ina gaisuwa. Ba ka amsa ba, na san ko kunya ce ko fushi. Ajiye su duka biyun ka karanta wannan.

Likita ya ce in riƙa yi wa Baba karatu ko da ba ya bi. Jarida ba ta motsa shi. Jiya bayan La'asar muna zaune a baranda, ban sami abin karantawa ba sai wasiƙarka da na buga a ofis. Da haushi ma na fara. Ina kaiwa wajen masu manyan haƙora sai ya ɗago kai.

Ya ce, "Wace mota ce?"

Na ce, "A-kori-kura ce, Baba."

"Ta wa?"

"Ta Sharhabil."

Ya kalli hannunsa, can ya ce, "Sharhabil ai bai iya ribas ba."

Na yi dariya har ta koma kuka. Rabon da sunanka ya fito daga bakinsa tun Sallah.

Daga nan sai ga Baba ya koma Alhaji Sabo na da, shugaban sashen motoci, zaune a kujerar nan. Ya gyara hula. Ya ce in tambaye ka nauyin abin da kake ja, kuma kejin yana da birkinsa ko da na motar ya dogara, kuma hanyar kwalta ce ko burji. Ya ce ka ɗauki masu manyan haƙoran, kada wata mai shago ta ruɗe ka. In hanya ta yi santsi ka rage iska, taya ta baje ta kama ƙasa, haka suka riƙa yi a hanyar Birnin Gwari da damina suna janyo janareto. Na ce masa can ba taɓo ba ne, ƙanƙara ce. Ya ce ƙanƙara kuma me ye abin tsoro, ai tana zubowa take narkewa. Shi irin tamu ya sani, mai faɗowa da ruwan farko.

Ya cinye tuwonsa tas. Da zan kwashe kwano ya ce, "Sannu, Rashida."

Don Allah ka rubuto. Ka amsa masa tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ka tsawaita. Maganganun da na faɗa maka ban janye su ba, amma yanzu ba su ne a gabana ba.

Yayarka,
Rashida

Brandon, Manitoba
25 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Baba, yaya gajiyarki? Kunya ce, ba fushi ba. Na yi ta buɗe waya in kira ki, in rasa da wace kalma zan fara. Allah Ya saka miki, Ya ba Yaya Ismail ladan haƙuri.

Wannan ɓangaren naki ne ke kaɗai, kada ki karanta masa. Shawarar Baba ba za ta yi a nan ba. Masu manyan haƙora a kan daskararriyar hanya zamewa suke yi, kuma in na rage iska da kaya a bayana taya za ta yi zafi ta fashe. Ba na so in musa masa a irin wannan lokaci. Kina ganin in ce masa kawai na bi maganarsa?

Daga nan na Baba ne.

Baba, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya. Na samu saƙonka. Kejin da maruƙan a ciki sun fi motar kanta nauyi. Yana da birkinsa, na lantarki ne, ina taka nawa shi ma yake kamawa, kuma akwai wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari da ake ƙara masa ƙarfi ko a rage. Hanyar rabinta kwalta ce, rabinta tsakuwa. Ƙanƙarar nan ba irin tamu ba ce. Kamar gari take saukowa, ba ta da ƙara, ta kwanta a ƙasa wata da watanni. In motoci suka tattake ta sai ta daskare ta zama kamar gilashi. Motar tana ja da ƙafa huɗu, amma mutanen nan sun ce ƙafa huɗu tashi take taimaka wa, ba tsayawa ba. Tsayawa aikin taya ne. Wurin gangara kuma kejin ne ke turo motar daga baya, in tayar baya ta saki sai ya naɗe ta.

Ribas kuwa na koya, Baba, har da keji. Sai da na karya shingen mutane sau ɗaya.

Da zarar an ɗaura tayoyin zan kama hanya, in sha Allah. A sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Sharhabil

Doka, Kaduna
2 ga Nuwamba

Sharhabil,

Wa alaikumus salam. Jikin Baba da sauƙi, yara ma sun zo sun yini jiya.

Gargaɗinka bai yi aiki ba. Na dawo daga ofis a gajiye, na zauna na fara karantowa daga sama ban duba ba. Kafin in ankara na riga na ce "shawarar Baba ba za ta yi a nan ba." Na kama bakina. Ya juyo ya ce, "Wa ya ce ba za ta yi ba? Ci gaba."

Na karanta masa duka, har wurin da kake neman izinin yi masa ƙarya. Ya ce a kira masa Ezekiel.

Da ka ga tsofaffin nan biyu. Baba ya ce yaro ya je ƙasar wasu an juya masa kai. Baba Ezekiel ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da kai ba wanda ya taɓa tuƙi a kan gilashi." Suka yi ta yi. Daga ƙarshe Baba Ezekiel ya shiga gida ya fito da dunƙulen ƙanƙara daga firjinsu, da guntun tsohuwar taya, da silifas ɗin jikarsa. Ya ajiye a faranti ya ce Baba ya goga da hannunsa. Ya goga tayar, ta sulɓe. Ya goga silifas, ya ɗan cije. Ya maimaita har ruwa ya jiƙa masa riga. Sannan ya ce, "Mai laushin ta fi kamawa."

Ga saƙonsa, kamar yadda ya faɗa. Ka sayi na mutanen garin, masu ƙusar. Amma huɗun su zama iri ɗaya, a ɗaura su rana ɗaya, kada ka haɗa sabo da tsoho. Ka duba na kejin ma, kowa na mantawa da na baya. Kuma wai kada ka ƙara tunanin yi masa ƙarya, bai mutu ba tukuna.

Wannan shi ne mai daɗin. Ga ɗayan.

Layinka na ƙarshe, inda ka ce za ka kama hanya, Baba ya ɗauka hanyar gida kake nufi. Tun ranar, da ya idar da sallar Asuba sai ya ce a fitar masa da kujera ƙofar gida. Duk a-kori-kurar da ta shigo layin sai ya miƙe. Na ce masa akwai teku tsakaninmu da kai, mota ba ta zuwa. Ya ce ta Zariya za ka biyo, hanyar ta fi kyau. Ya sa na share ɗakinka. Ya manta sunana kuma, ya manta ya ci abinci, amma wannan bai manta ba.

Ban san abin da zan ce masa ba. In na ce ba ka zuwa, kamar na kashe fitila ɗaya da ta rage a gidan. Ka ba ni shawara.

Rashida

Doka, Kaduna
18 ga Nuwamba

Sharhabil,

Ina fata lafiya. Tun hoton tayoyin da ka turo ban sake jin ɗuriyarka ba, tambayata ma ba ka amsa ba. Wayarka a kashe. Ismail ya ce ya ga a labarai an yi guguwar ƙanƙara a yankinku, motoci sun maƙale a hanya. Ban san ko in yi fushi ko in ji tsoro ba.

Na nuna wa Baba hoton. Ya sa yatsa a kan gilashin wayar yana neman ƙusoshin.

Tari ya kama shi, daga zaman ƙofar gida da sanyin safiya ne ko daga me, Allah Ya sani. Ya sauka a ƙirji. Muna asibiti tun Asabar, an sa masa robar numfashi. Ba ya cin komai. Likita ya ce in akwai na nesa a sanar da su.

Na san ba za ka iya zuwa ba. Ka kira kawai ya ji muryarka.

Rashida

Gonar arewa
21 ga Nuwamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata jiki ya yi ƙarfi. Yaya Rashida, ki yi haƙuri da shirun, guguwa ce ta rufe mu a gonar arewa. Turakun wuta sun faɗi, babu sabis, hanya a toshe. Ina rubuta wannan a waya, duk inda ta samu sabis za ta tura da kanta. Ki karanta masa daga sama, babu ɓangaren ɓoyo.

Baba, na yi yadda ka ce. Huɗu iri ɗaya, masu ƙusa, masu kaurin gefe, rana ɗaya. Na sa aka duba na kejin, ashe ɗaya ta tsage ta ciki, aka canza. Ba don kai ba da ban leƙa ba.

Ranar da muka taho, guguwar ta same ni a hanya da maruƙa cike da keji. Akwai wata gangara kafin gada. Ina sako kai na hango babbar mota ta gitta a ƙasa ta tare hanya. Na taka birki a hankali, na ji kejin yana turo ni, bayan motar ya fara karkata. Na ƙara wa birkin kejin ƙarfi da hannu, ya ja mu ya miƙar. Ina jin ƙusoshin suna ƙartar ƙanƙara kamar ana kankare ƙanzo. Muka yi ta tafiya a haka har na fara salati, sai motar ta tsaya. Tsakanina da babbar motar bai fi tsawon tabarma ba. Ko maraƙi ɗaya bai faɗi ba.

Na kashe motar na zauna. Kai na fara tunawa, na ce wannan labarin na Baba ne.

Maganar zuwa gida, Baba, ba da mota zan zo ba, kuma ba yanzu ba. Ka ce kada in yi maka ƙarya. Takarduna na fitowa zan hau jirgi. Ka daina zama a ƙofar gida, ni zan shigo in same ka.

Ɗanka,
Sharhabil

Doka, Kaduna
23 ga Nuwamba

Sharhabil,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kake raye. Na sake kiranka bai shiga ba, ga alama wayar ta tura saƙon ne ta koma daji. Ban so ka ji ta wannan hanya ba, amma gara ka ji daga gare ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Alhamis da hantsi. An yi masa sutura bayan Azahar. Jama'a sun taru sosai, tsofaffin direbobin ma'aikata har daga Zariya da Kafanchan. Wasiƙarka ta shigo jiya muna zaman makoki.

Bai sha wahala sosai ba. Da safiyar ranar ya buɗe ido ya janye robar daga hancinsa. Ya dube ni, ban san ko ni ya gani ko Mama ba.

Ya ce, "Ya iso?"

Na ce, "Yana hanya, Baba."

"Da kaya a bayansa?"

"Da kaya."

Ya lumshe ido, na zaci barci ne. Sai ya ce, "Ki ce kada ya yi gudu. Ba inda za ni."

Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada da Ismail ya laƙƙana masa.

Da mutane suka ragu na kira Baba Ezekiel baranda na karanta masa wasiƙar, don ban iya karanta ta ni kaɗai ba. Da na zo wurin tayar kejin da ta tsage ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu har na gama.

Kada ka taso yanzu. Babu abin da za ka tarar da ba zai jira ka ba, kada ka zubar da wahalar shekarunka a banza. Ka yi masa addu'a daga inda kake. Ni zan koma Katabu bayan sadakar bakwai, yara sun fara mantawa da girkina.

Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da Mama a Aljanna.

Yayarka,
Rashida

Brandon, Manitoba
26 ga Nuwamba

Yaya,

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba mu haƙuri. Na kira ki na kasa magana, kin dai ji. Shi ya sa na rubuto.

An buɗe hanya ranar Litinin. Ina fitowa inda sabis yake, wayar ta yi ta ƙara, na tsaya a gefen hanya na buɗe saƙonninki biyu a jere. Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba. Wani mai motar share ƙanƙara ne ya ƙwanƙwasa mini gilashi yana tambaya ko mota ce ta lalace. Na ce masa a'a, mahaifina ne ya rasu. Ya cire hularsa a cikin sanyin nan ya tsaya kaɗan, sannan ya tafi.

Jiya 'yan masallacinmu suka taru muka yi masa addu'a. Ba mu da yawa, babu wanda ya san shi sai ni. Liman ya ce in faɗi wani abu game da shi, na ce ma'aikaci ne, ya riƙe motocin gwamnati shekaru masu yawa, kuma bai taɓa bari direba ya fita da taya mai sanƙo ba. Daga nan na zauna.

Saƙonsa ya iso, Yaya. Daga inda na tsaya har gida tafiya ce mai nisa, hanya a share, babu kowa a gabana. A hankali na taho. Motoci suna ta wuce ni suna danna hon, ban ƙara wuta ba.

Ki gaida Baba Ezekiel, ki ce na gode. Ki huta, don Allah.

Ƙaninki,
Sharhabil